Tarihin Hans Berger, likitan da ya fara auna wutar da ke cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam

 Kafin mu shiga labarin mutumin yau, bari mu fara da wani abu da da yawanmu muka taɓa gani, ko a gidanmu ko a maƙwabta. Mutum yana cikin ƙoshin lafiya, yana zuwa gona, yana cin kasuwa, sai ciwo ya fara cin ƙarfinsa a hankali. Hannu ya kasa ɗaga buta, ƙafa ta fara ja, harshe ya yi nauyi. A wayi gari yana kwance bisa tabarma, ido buɗe, yana kallon kowa, amma ko ruwa ba ya iya roƙa. Masu zuwa dubiya su zauna su yi ta zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Alhali sau da yawa yana jin komai, yana gane kowa, bakin ne kawai ya kulle.

A yau, a wasu asibitocin bincike na Amurka da Turai, akwai irin waɗannan marasa lafiya da suka koma magana da iyalansu, ta hanyar na'urar da ke karanta motsin ƙwaƙwalwa ta mayar da shi kalmomi. In muka bi sawun wannan aiki zuwa tushensa, za mu tarar da wani likitan Jamus mai suna Hans Berger, wanda ya rasu tun 1941. Shi ne mutum na farko da ya auna wutar lantarkin da ke cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, ya zana ta bisa takarda. A cikin tarihinsa akwai abin yabo, akwai kuma tabo mai muni. Duka biyun za mu kawo muku su.

Haihuwa da tasowa

An haifi Hans Berger ranar 21 ga watan Mayu na 1873, a wani ɗan ƙauye da ake kira Neuses, kusa da garin Koburg a tsakiyar ƙasar Jamus. Mahaifinsa likita ne. Mahaifiyarsa Anna kuwa ɗiyar Friedrich Rückert ce, shahararren marubucin waƙoƙi kuma masanin harsunan gabas. Malaman zaure da ke jin mu za su so sanin wannan: kakan nan nasa shi ne ya juya Muƙamar Hariri zuwa Jamusanci, ya kuma fassara wani babban sashe na Alƙur'ani. Ya rasu a 1866, shekara 7 kafin a haifi jikan nasa. Ke nan yaron ya tashi a gidan da ake zancen magani, ake kuma zancen littattafai.

Da ya ƙare lise a Koburg cikin 1892, ba likitanci ne a ransa ba. Taurari yake so ya karanta, don haka ya shiga jami'a a fannin lissafi. Bai fi ƴan watanni ba ya ajiye karatun, ya tafi aikin soja na shekara guda a rundunar masu dawaki.

Ranar da doki ya kayar da shi

A nan ne abin da ya juya rayuwarsa ya faru, yana ɗan shekara 19. Wata safiya suna atisaye, dokinsa ya yi tutsu ya yar da shi ƙasa, daidai gaban wata amalanke mai ɗauke da igwa wadda dawakai ke ja. Saura ƙiris a take shi, mai jan dawakan ya samu ya tsayar da su. Berger ya tashi ba rauni, amma ya ga mutuwa da idonsa.

Da maraicen ranar sai ga talgiram daga mahaifinsa, yana tambayar ko lafiya yake, abin da ba su saba yi ba. Daga baya ya ji dalili. Yayarsa da ke gida, nesa ƙwarai da inda yake, gabanta ne ya faɗi a ranar, ta dage cewa wani abu ya sami ɗan'uwanta, ta matsa wa uban sai da ya aika saƙo.

Mu nan wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu. Uwa nawa ce a ƙauyukanmu ta taɓa kwana ba barci saboda ɗanta da ke Libiya ko Abijan, gabanta na faɗuwa, tun kafin tarho ya yi ƙara? Galibinmu mukan ce ikon Allah, mu wuce. Shi Berger bai wuce ba. Ya ƙudurta a ransa cewa tsoron da ya ji a lokacin ne ya tashi daga kansa ya isa ga yayarsa. In kuwa haka ne, to lalle akwai wani ƙarfi a cikin ƙwaƙwalwa da za a iya aunawa, kamar yadda ake auna zafi ko kuran. Bari mu faɗa tun yanzu don kada a ruɗe: har zuwa yau kimiyya ba ta tabbatar da cewa tunani na tashi daga kan wani ya shiga kan wani ba. Amma neman wannan abu ne ya kai shi ga gano wani abu daban, mai amfani ga duniya baki ɗaya.

Da ya gama aikin soja ya koma jami'a, wannan karon likitanci. Ya sami takardar zama likita a 1897 a garin Yena, ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali da ciwon jijiya na jami'ar, ƙarƙashin wani babban malami, Otto Binswanger. A wannan asibiti ɗaya ya yi shekara 41. Ya auri Ursula von Bülow a 1911, wadda ke aiki a asibitin, suka haifi ƴaƴa 4. Lokacin yaƙin duniya na farko ya yi aikin likitan soja a fagen daga na Faransa. A 1919 ya gaji kujerar maigidansa, a 1927 kuma ya zama shugaban jami'ar Yena.

Waɗanda suka yi aiki tare da shi sun bayyana shi a matsayin mutum mai shiru-shiru, mai tsananin kiyaye lokaci, wanda ba ya son raha, kullum tsarinsa ɗaya. Ba wanda ya yi masa zaton wani babban bincike. Ashe da yamma, in ya gama zagayen marasa lafiya, sai ya kulle kansa a wani ɗan ɗaki ya yi ta gwaje-gwajen da ba ya gaya wa kowa.

Shekaru na faɗuwa da tashi

Da farko ya bi ta hanyar jini. Akwai marasa lafiyan da aka yi wa aiki aka cire musu wani ɓangare na ƙoƙon kai, fata kawai ta rufe wurin. A kansu ya riƙa auna yadda bugun jinin ƙwaƙwalwa ke canzawa in mutum ya ji tsoro ko daɗi. Ya kuma auna zafin ƙwaƙwalwa. Duk ba su ba shi amsar da yake nema ba.

Sai ya juya ga wutar lantarki. Ba shi ne ya fara tunanin ba. Tun 1875 wani likitan Ingila a garin Liverpool, Richard Caton, ya nuna cewa akwai ɗan kuran a ƙwaƙwalwar zomo da ta biri. Amma wannan a kan dabbobi ne da aka buɗe wa kai. Berger ya gwada da karnuka tun 1902, abin ya yi ta ƙi masa.

Me ya sa abin ke da wuya haka? Saboda wutar ƙarama ce ƙwarai. Ku ɗauki pil ɗaya na tocila. Ƙarfin da ke cikinsa ya ninka wanda ake samu a fatar kan mutum kamar sau dubu 30. Ga ƙoƙon kai da fata suna tare ta. Ga zuciya tana fitar da tata wutar, wadda ta fi ƙarfi nesa. Ko ƙifta ido mutum ya yi, ko ya cije haƙori, tsokar wurin za ta fitar da wutar da za ta binne ta ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya taɓa neman wata tasha mai nisa a gajeren zango da dare, yana murɗa akwati a hankali, muryar na zuwa tana ɓacewa cikin shuuu, to ya san irin wahalar da mutumin nan ya sha sama da shekara 20.

Ranar 6 ga watan Yuli na 1924 ya dace. Wani likitan fiɗa mai suna Nikolai Guleke ya yi wa wani saurayi ɗan shekara 17 aiki a kai, Berger kuma ya samu damar haɗa wayoyinsa ta wurin da aka buɗe ƙashin. Na'urar tasa wani siririn zare ne da aka ɗaure tsakanin maganaɗisu, in wuta ta ratsa shi sai ya yi rawa, a ɗauki hoton rawar bisa takarda mai tafiya. Ranar nan zaren ya motsa. Motsin kaɗan ne, da ƙyar ake ganinsa, amma shi ne karo na farko a tarihi da aka ɗauki wutar ƙwaƙwalwar ɗan Adam.

Wani da ya ruga ya shelanta wa duniya. Berger ya yi gum har shekara 5. Tsoronsa kada ya zama bugun jini ne ko motsin fata yake gani, ya zo ya ji kunya. Ya samo na'ura mafi kyau daga kamfanin Siemens. Ya gwada allurai na azurfa a ƙarƙashin fatar kai, ya gwada fallen azurfa da ake ɗaurawa a goshi da ƙeya. Ya gwada a kan masu sanƙo, ya gwada a kan kansa. Ɗansa Klaus, wanda lokacin yake matashi, an aske masa kai an auna shi fiye da sau 70.

Abin da ya gani

A hankali zanen ya fara yi masa magana. Ya lura cewa in mutum ya zauna shiru, ya rufe ido, hankalinsa kwance, layin yakan yi ta hawa da sauka a tsare, kamar sau 10 a cikin daƙiƙa guda. Wannan ya sa masa suna alfa. Da zarar mutumin ya buɗe ido, ko aka taɓa shi, ko aka ba shi lissafi ya yi da ka, sai wannan kaɗawa mai tsari ta ɓace, wata ƙarama mai sauri ta maye gurbinta. Ita kuma ya kira ta beta. Ya gwada da ɗiyarsa: ya ba ta lissafin rabawa, layin ya canza, tana gama lissafin ya koma yadda yake.

Ku tsaya ku duba girman wannan abu, jama'a. Yarinya tana zaune, ba ta ce uffan ba, ba ta motsa ko yatsa ba, amma wanda ke kallon takarda ya san lokacin da ta fara tunani da lokacin da ta gama. Duk wata na'ura da ke ba marar lafiya damar magana da ƙwaƙwalwa a yau, daga nan ta samo asali.

A 1929 ya buga rahotonsa na farko, ya sa wa awon suna mai tsawo wanda likitoci suka taƙaita zuwa EEG. Daga nan zuwa 1938 ya fitar da rahoto 14 a kan batun. Ya nuna yadda zanen ke canzawa in mutum na barci, ko an shaƙa masa maganin fiɗa, ko yana da farfaɗiya, ko ciwon mantuwa irin na tsufa.

Da farko ba wanda ya kula shi. Manyan masana jijiya na ganin likitan mahaukata ne kawai, wanda bai san kan lantarki ba, kuma da gaske iliminsa a wannan fanni ba mai zurfi ba ne. Sai a 1934 wasu Turawan Ingila biyu na jami'ar Kambirij, Edgar Adrian wanda ya riga ya ci kyautar Nobel a 1932, da abokin aikinsa Bryan Matthews, suka ce bari su gwada da kansu. Suna da na'urar ƙara ƙarfin sigina mai ƙwan fitila, irin na cikin tsofaffin akwatunan rediyo, ga kuma alƙalami mai zana layi nan take. A gaban taron masana aka haɗa wa Adrian wayoyi a kai. Ya rufe ido, alfa ta fito ɓaro-ɓaro. Ya buɗe, ta ɓace. Daga ranar gardama ta ƙare, kuma su ne suka sa wa kaɗawar sunan Berger don girmama shi. A 1937 aka gayyace shi babban taro a birnin Paris, ya zauna kujerar shugabanci tare da Adrian. Mutumin da aka yi wa dariya ya ga masanan duniya na girmama shi.

Amfanin farko da talaka ya gani shi ne a ciwon farfaɗiya. A 1935 wasu likitoci a birnin Boston na Amurka suka nuna cewa wani nau'in farfaɗiyar yara, wanda yaro zai yi tsai na ƴan daƙiƙu kamar an ɗauke masa hankali, yana da nasa zane na musamman, mai bugawa sau 3 a daƙiƙa. Aka gane da ido cewa farfaɗiya ruɗewar wuta ce a cikin ƙwaƙwalwa, ba ta yaɗuwa ta miyau ko taɓa jiki, kuma tana da magani. Har gobe, in likita a babban asibiti irin na Yamai ya ce a je a yi wa yaro EEG, aka liƙa masa wayoyi a kai, to gadon Berger ne ake ci.

Tabon da ba ya gogewa

Yanzu mun zo wurin da labarin ke da ɗaci. A 1933 Hitler da ƴan Nazi suka hau mulkin Jamus. Ranar 14 ga watan Yulin shekarar suka kafa dokar da ta ce duk mai ɗauke da ciwon da suke ganin na gado ne, a yi masa aikin da zai hana shi haihuwa har abada, ko yana so ko ba ya so. Cikin jerin akwai masu taɓin hankali, da masu farfaɗiyar gado, da makafi da kurame na gado, da masu wani ciwon da ke cinye ƙwaƙwalwa a hankali da ake kira Huntington. Aka kafa kotuna na musamman, alƙali ɗaya da likitoci biyu, su ke yanke hukunci. Mutanen da aka yi wa wannan aiki sun kai wajen dubu 400.

Shekaru da dama bayan yaƙi, abin da ake karantawa a littattafai shi ne wai Berger ba ya ɗasawa da ƴan Nazi, wai ma su suka tilasta masa ritaya a 1938. Sai a 2005 wata masaniyar tarihin likitanci a jami'ar Yena, Susanne Zimmermann, ta tono tsofaffin takardu, labari ya sha bamban. Takardun sun nuna ba korar sa aka yi ba, shekarun ritayarsa ne suka cika, 65. Sun nuna ya zauna a babbar kotun ɗaukaka ƙara ta waɗannan hukunce-hukunce a Yena, inda mutane ke zuwa roƙon kada a yi musu aikin. Sun nuna yana cikin masu ba rundunar SS gudummawar kuɗi. An kuma sami kalaman ƙyamar Yahudawa a cikin littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum. Har ila yau yana cikin kwamitin da ya zaɓi magajinsa, Berthold Kihn, wanda daga baya ya shiga cikin likitocin da ke tantance marasa lafiyan da za a kashe. A wannan shiri, tsakanin 1940 da 1941, an hallaka masu taɓin hankali da nakasassu sama da dubu 70.

Ba za mu rufa masa asiri a nan ba. Mutumin da ya fi kowa sanin cewa ko wanda ya yi shiru ƙwaƙwalwarsa na aiki, shi ne ya zauna cikin masu yanke wa marasa lafiya hukunci kamar ba mutane ba. Ilimi ya ba shi ido, amma bai hana shi bin zalunci ba.

Ƙarshensa bai yi kyau ba. Bayan ritaya ya rasa ɗakin bincikensa, yaƙi ya ɓarke, ciwon fata mai tsanani ya kama shi, baƙin ciki mai zurfi ya rufe shi. A 1940 ya fitar da wani ɗan littafi inda ya ba da labarin dokin nan da yayarsa, yana nan dai a kan imaninsa na ƙuruciya, ko da yake shi da kansa ya yarda cewa wutar da ya gano ta yi ƙanƙanta da ta yi tafiya mai nisa haka. Ranar 1 ga watan Yuni na 1941 ya kashe kansa a asibitin Yena, yana da shekara 68.

Abin da ya tsiro bayansa

To ina alaƙar wannan duka da marar lafiyan da muka fara da shi? Akwai wani ciwo da likitocinmu ke kira ciwon Sharko, da sunan likitan Faransa Jean-Martin Charcot da ya fara bayaninsa a Paris cikin 1869. Ciwon na kashe jijiyoyin da ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Hannu ya tafi, ƙafa ta tafi, magana ta tafi, haɗiya da numfashi su biyo baya. Galibi mutum kan yi shekara 2 zuwa 5 bayan an gano shi. Amma ji da gani suna nan, kuma ga mafi yawan masu shi hankali na nan daram. Shi ne ciwon da masanin nan na Ingila Stephen Hawking ya rayu da shi, yana magana ta kwamfuta da motsin tsokar kumatunsa. To in tsokar kumatun ma ta daina fa?

A 1973 wani malami a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Jacques Vidal, ya kawo shawarar a haɗa awon Berger kai tsaye da kwamfuta, shi ne ma ya raɗa wa fannin suna, wato mahaɗar ƙwaƙwalwa da kwamfuta. A 1988 wasu masana biyu a jihar Illinois, Farwell da Donchin, suka ƙirƙiro allon haruffa mai gida 36, layi 6 tsaye, layi 6 kwance, suna walƙiya ɗaya bayan ɗaya. Dabarar ita ce: in abin da mutum ke jira ya bayyana, ƙwaƙwalwa kan yi wani ɗan zabura bayan kamar sulusin daƙiƙa. Kun san yadda mutum ke zabura in ya ji sunansa cikin gaishe-gaishen rediyo, ko da hankalinsa na wani wuri? To irin wannan ne. Mutum zai sa ido a harafin da yake so, duk sanda layinsa ya haska kwamfuta ta ga zaburar, ta gane harafin.

A 1999, a garin Tübingen na Jamus, ƙasar Berger ɗin dai, ayarin Niels Birbaumer ya ba da rahoton wasu masu ciwon Sharko biyu da jikinsu ya shanye kusan gaba ɗaya, waɗanda suka koyi sarrafa wutar kansu har suna rubutu. Saurin bai wuce harafi 2 a minti ba. Ga mai lafiya wannan azaba ce. Ga wanda ya yi shekaru bai iya cewa ƙafata na ciwo ba, kuwa, ƙofa ce aka buɗe masa.

Matsalar awo ta saman fata ita ce wadda Berger ya sha fama da ita: ƙoƙon kai na dushe siginar, kamar mai sauraren hira ta bayan katanga. Shi ya sa masu bincike suka koma dasa ƴan ƙananan faifai masu allurai a cikin ƙwaƙwalwar kanta, kowanne faɗinsa bai wuce ƙwayar dawa ba, a daidai wurin da ke ba leɓe da harshe da muƙamuƙi umarni. Marar lafiya zai yi ƙoƙarin furta kalma, bakin ba zai bi ba, amma umarnin ya fita, na'ura ta kama shi, kwamfuta ta haɗa sautukan su zama jimla. A 2023 jami'ar Stanford ta Amurka ta ba da rahoton wata mata mai ciwon Sharko da ta kai kalma 62 a minti ta wannan hanya, ko da yake in aka buɗe mata ƙamus mai faɗi, kusan kalma 1 cikin 4 kan fito ba daidai ba. A 2024 jami'ar Kalifoniya ta garin Davis ta ba da labarin wani magidanci ɗan shekara 45 da aka dasa wa allurai 256, na'urar na dacewa da kalmominsa kashi 97 cikin 100. Muryar da kwamfutar ke fitarwa kuma tasa ce, an gina ta daga tsofaffin maganganunsa da aka naɗa kafin ciwon ya ci ƙarfinsa. Da ita yake hira da matarsa da ƴarsa ƙarama.

Kada mu ɗora muku dogon buri. Wannan duka gwaji ne a kan mutane ƙalilan, sai an yi fiɗa a kai, ga tsada, kuma ba ya warkar da ciwon, magana kawai yake mayarwa. Waɗannan na Amurka da Turanci aka horar da su. Ranar da za a zo kan Hausa akwai ƙarin aiki, don mu muna bambanta kalma da karin murya da jan wasali: gari na zama daban, gari na tuwo daban, alhali a boko rubutunsu ɗaya. Sai dai akwai abin da ya ba mu sha'awa a sabuwar hanyar. Allon haruffa sai wanda ya yi lakwal, ita kuwa wannan ƙoƙarin magana kawai take nema, abin da tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta iya.

Kafin na'urar ta iso mu, akwai abin da ke hannunmu, ba ya cin ko dala. In kuna da marar lafiyan da magana ke kuɓuce masa, ku kai shi asibiti tun da wuri a gano ko mene ne, don ba kowane nauyin harshe ne ciwon Sharko ba, wasu suna da magani. Ku yi yarjejeniya da shi tun yana iya magana: ƙifta ido sau ɗaya na nufin i, sau biyu na nufin a'a. Ku riƙa yi masa tambaya ɗaya-ɗaya, ku ba shi lokaci ya amsa. In ya iya karatu, boko ko ajami, ku rubuta haruffa a allo ku riƙa nunawa yana zaɓa da ido. Ƴan uwa na ƙetare, saƙonnin muryar da iyayenku ke turo muku ta WhatsApp, kada ku yi saurin goge su. Masu zuwa dubiya kuma, ku gaishe shi da sunansa, ku yi magana da shi, kada ku yi zancen gado ko na likkafani a kansa. Yana ji.

Wannan shi ne tarihin Hans Berger, wanda ya fita neman hanyar da tunani ke bi ya isa ga ɗan'uwa na nesa, bai same ta ba, amma ya buɗe hanyar da marar lafiya zai isar da maganarsa ga wanda ke zaune kusa da gadonsa. Alherin aikinsa ya kai ga irin mutanen da shi kansa ya zalunta, mu kuma mun faɗi duka biyun yadda suke. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya ƙara wa masu jinya haƙuri.